Karkatar Samfuri da Matsalar Wakilci a Manyan Binciken Lafiyar Al'umma: Nazari a kan Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake zaɓen mutanen da manyan binciken lafiya ke dogara da su, da kuma ko alƙaluman da ake samu suna wakiltar al'ummar Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. An kwatanta tsarin UK Biobank na Birtaniya da na Binciken Al'umma da Lafiya na Nijeriya na 2018. Maƙalar ta nuna cewa a wannan yanki karkatar samfuri ta fi tasowa daga mutanen da ba a je ƙofarsu ba tun farko.

Gabatarwa

Dillalin albasa a Aliero ba ya yanke farashi da abin da ya gani a saman buhu, sai ya zura hannu ciki, domin ya san manya ake jerawa a sama. Karkatar samfuri ke nan: waɗanda suka shiga bincike sun bambanta da waɗanda aka bari, kuma bambancin ya shafi abin da ake aunawa. Yawan mutane ba ya gyara wannan.

UK Biobank ya tattara mutum kusan 500,000 masu shekara 40 zuwa 69 tsakanin 2006 da 2010. An gayyaci mutum miliyan 9.2, kashi 5.5 cikin ɗari ne kawai suka amsa. Nazarin da Fry da abokan aikinta suka fitar a 2017 ya nuna cewa waɗanda suka zo sun fi sauran jama'a lafiya, ba su kai su shan taba ko ƙiba ba.

Inda karkatar take a Kebbi

Binciken 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya sha bamban. An zaɓi rukunai 1,400, gida 30 a kowanne, kuma kashi 99 cikin ɗari na matan da suka cancanta sun amsa. Shi ne ya nuna cewa kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 23 ne, kuma a Kebbi yara 252 cikin kowane 1,000 na rasuwa kafin su cika shekara biyar. Aiki ne mai inganci, amma yana da iyaka uku.

Ta farko, an ciro samfurin daga yankunan ƙidayar 2006, kuma samfurin gidaje ne. Bafulatanin da ke tashi da rugarsa, da ɗan cin rani, da almajirin tsangaya, da wuya su faɗa cikin jerin. An yi aikin daga Agusta zuwa Disamba, ƙarshensa ya zo daidai da lokacin da ake gama girbi, matasa su fara barin gida, makiyaya su gangara fadamun Gulbin Zamfara.

Ta biyu ta fi damun mai wannan nazari. Labarin mutuwar yaro daga bakin mahaifiyarsa ake ɗaukarsa, mace mai shekara 15 zuwa 49 da ke raye ranar tambaya. Jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, wanda ya fi kowa fuskantar haɗari, ba shi da mai ba da labarinsa. Saboda haka akwai dalilin zaton cewa 252 ɗin nan, duk da nauyinsa, bai kai gaskiyar lamarin ba.

Ta uku, an tsara binciken ne don ya yi magana a kan jiha. Idan aka raba rukunai 1,400 ga jihohi 36 da Abuja, sannan aka raba rabon Kebbi ga ƙananan hukumominta 21, kowace za ta tashi da kamar rukuni biyu. Kuskure ne a ɗauki alƙaluman jiha a ɗora wa garuruwa irin su Mungadi ko Sabiyal ko Kimba kai tsaye.

Rijistar asibiti

Ɗalibai da dama a jami'ar Aliero da kwalejin kiwon lafiya ta Jega kan koma ga rijistar asibiti domin ita ce a kusa. Tun 1946 Joseph Berkson ya yi gargaɗi cewa majinyatan asibiti ba hoton gari ba ne. Aliero ta shahara da ɗori. Mai karaya kan wuce asibiti ya nufi gidan maɗori, wasu ma daga nesa suke zuwa. Rijistar asibiti za ta rage yawan karaya, ƙidayar gidajen maɗora kuma za ta kumbura shi da baƙi. Haka batun haihuwa: binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ke faruwa a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai kai rabin haka ba. Sauran kusan duka a gida ake yin su.

A Maris 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne sanadi, akasarinsu a Gwandu, Jega da Aliero. Irin wannan adadi na waɗanda labarinsu ya iso hukuma ne. Wanda aka yi wa jinya a kemis, ya cika da dare aka yi masa sutura da safe, zai iya kuɓuce wa lissafi.

Shawarwari

Duk mai bincike a yankin ya bayyana ƙarara su wa samfurinsa ya bari a waje. A sabunta jerin gidaje tare da masu unguwanni da arɗo-arɗo, a kuma ware wa rugage da tsangayu samfuri nasu. Tambayar mutuwar yara a yi ta har ga kaka ko gwaggon da ta riƙi maraya. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da jami'ar Aliero su kafa cibiyar bibiyar haihuwa da mutuwa gida-gida a waɗannan ƙananan hukumomi uku, rani da damina.