Bitamin D

Bitamin D sinadari ne mai narkewa cikin kitse wanda ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyam da fosfet, ma'adinan da ke gina ƙashi da haƙora. Yana da manyan nau'o'i biyu: D2, da ake samu a wasu naman kaza, da D3, wanda fatar mutum ke ƙerawa da kanta idan hasken rana ya taɓa ta. Hanta ce ke fara sarrafa shi, sannan ƙoda ta mayar da shi siffar da jiki ke aiki da ita.

Abincin da ke ɗauke da shi kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su sadin, man hantar kifi, gwaiduwar ƙwai da hanta.

Ƙarancinsa na tausasa ƙashin yara har ƙafafu su lanƙwashe ko su yi gwame. A manya yana kawo ciwon ƙashi da raunin tsoka. Elmer McCollum, masani ɗan Amurka, ne ya raɗa wa bitamin D suna a 1922. Game da lanƙwashewar ƙashi kuwa, wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa rashin kalsiyam a abinci ne babban sanadin lanƙwashewar ƙashin yaran da aka duba.