Daidaita ƙarfin leza da saurin zane

Daidaita ƙarfin leza da saurin zane tsari ne da na'urorin buga rubutu da hasken leza ke bi, inda kwamfuta ke ƙara ko rage ƙarfin hasken gwargwadon saurin da yake tafiya a kan abin da ake zanawa. Manufarsa ita ce kowane ɓangare na layi ya samu zafi iri ɗaya.

Asali

Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro leza mai amfani da iskar kabon dayoksaid, wadda har yau ake rubutu da ita a kan roba, katako da gilashi. A kan ƙarfe kuwa an fi amfani da lezar faiba.

Matsalar sauri

A cikin na'urar akwai ƙananan madubai biyu da injuna ke juyawa don karkatar da hasken, ɗaya hagu da dama, ɗaya gaba da baya. Da yake madubi yana da nauyi, dole ya rage gudu a farkon layi, da ƙarshensa, da kuma kan kwana. Idan ƙarfin hasken bai canja ba, waɗannan wurare sukan ƙone. Masu zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi sun san wannan: inda hannu ya daɗe, nan zanen yake yin baƙi.

Ana gane yawan makamashin da ke sauka a kan layi ta hanyar raba ƙarfi da sauri. Leza mai wat 20 da ke gudun milimita 1,000 a daƙiƙa tana sauke jul 0.02 a kowace milimita. Idan gudun ya koma 500, adadin zai ninka zuwa 0.04, sai dai in an rage ƙarfin zuwa wat 10.

Hanyoyin daidaitawa

Hanya ta farko ita ce rage ƙarfin hasken da zarar madubai sun rage gudu. Ta biyu ta shafi lezar da ke harba haske ɗigo-ɗigo: ana rage yawan harbin don kada ɗigogin su hau kan juna. Misali, harbi 50,000 a daƙiƙa a gudun milimita 1,000 yana ba da tazarar milimita 0.02, don haka a rabin gudun sai a koma harbi 25,000. Ta uku ita ce barin madubai su ɗauki gudu kafin a kunna hasken, a kuma kashe shi kafin su tsaya, ko da yake wannan yana ƙara wa aikin lokaci. Kamfanin SCANLAB na Jamus da Aerotech na Amurka suna cikin masu ƙera na'urorin sarrafa wannan aiki.

Muhimmanci

Da leza ake buga ranar sarrafawa da ranar ƙarewar wa'adi a kan kwalaben lemo da kwalayen magani da yawa, da kuma lambobin kayan gyaran mota. Zafin da ya wuce kima yana iya huda siririyar roba, wanda ya gaza kuma yakan bar rubutu dishi-dishi, har mai saye ya kasa gane ko maganin ya lalace.