Waɗanda Suka Rasu Tare Da Sardauna

Tun zamanin da, al'adar masu ba da tarihi ita ce su ƙidaya sarakuna su bar talakawa. Wanda ya duba littafin Tarihin Kano zai ga an jera sarakuna tun daga Bagauda, an faɗi shekarun da kowannensu ya yi bisa gadon sarauta, da yaƙoƙin da ya yi. Amma dakarun da suka mutu a waɗannan yaƙoƙi, da talakawan da suka ɗauki ƙasa a ka suka gina ganuwa, ba a ambaci sunayensu ba. Wannan al'ada ba ta mutu ba da zuwan jarida da rediyo, sai ma ƙarfi da ta ƙara. Babu kuwa inda za a ga misalinta sosai kamar a Kaduna, a unguwannin da ke arewa da kogi.

Ran Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, tun kafin asuba, waɗansu soja ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka wa gidan Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Sun fito ne da sunan atisayen dare wanda suka kira Damisa. Suka harba wa gidan manyan bindigogi har ya kama wuta, suka shiga suka kashe Sardauna. A daren nan kuma aka kashe Firimiya Akintola a Ibadan, aka kama Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh a Ikko, su ma aka kashe su. Wannan labari kowa ya san shi, yaro da babba.

To, amma ba Sardauna kaɗai ya rasu a Kaduna ran nan ba. Uwargidansa Hafsatu, 'yar Wazirin Sakkwato, tana tare da shi, ba ta gudu ta bar shi ba, aka harbe su tare. Baransa mai tsaron lafiyarsa, wanda a ke kira Zarumi, ya mutu yana kāre ubangidansa. An kashe Ahmed Ben Musa, ma'aikacin da ke kula da sha'anin tsaron Firimiya, da wani direba, Ahmed Pategi. Cikin sojan da suka zo ma an harbe wani saje, Daramola Oyegoke. Har wa yau akwai 'yan sanda huɗu da suka rasu a bakin aiki: Musa Nimzo, da Yohana Garkawa, da Haga Lai, da Akpan Anduka. A wani gida kuma cikin garin aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun tare da matarsa Latifat, aka kuma kashe Kanar Ralph Shodeinde.

Yanzu sai mu duba abin da ya biyo baya. Sunan Sardauna yana kan babban titin da ya ratsa Kaduna, yana kan filin wasa, yana kan jami'ar da aka buɗe a Zariya a 1962 tun yana da rai. Gidan da aka kashe shi an mai da shi wurin ajiye tarihi a 1970, shi ne Gidan Arewa. A shekarar 2000 aka sa hotonsa a takardar Naira 200, kamar yadda hoton Tafawa Ɓalewa ya ke a ta Naira 5. Shi kansa ya rubuta labarin rayuwarsa a 1962, wani malami Ba'amurke kuma, John Paden, ya fitar da babban littafi a kansa a 1986. Makaɗa sun yi masa waƙoƙin da har yau a ke saurara. Manyan hafsoshin da suka mutu a Ikko su ma sun sami rabonsu, ga barikin Maimalari nan a Maiduguri. Hafsatu kuwa sai da aka yi kusan shekara 30 kafin a rubuta littafi a kanta. Direban nan da 'yan sandan nan, in ba a takardun bincike ba, da wuya ka ji an kira sunansu.

Kada mai karatu ya ɗauka wai ana jin haushin girman da aka ba Sardauna ne. Ya cancanta, domin aikin da ya yi wa Arewa ba ɓoyayye ba ne, mutuwarsa kuwa ta juya al'amuran ƙasa baki ɗaya. In babbar kuka ta faɗi dole a ji ƙararta daga nesa. Abin da mu ke cewa shi ne, kukar nan sa'ad da ta faɗi ta danne ƙananan itatuwa, su ma kuwa da masu shan inuwarsu. Direba yana da iyali, ɗan sanda yana da uwa. Ranar da aka kai musu labari, hawayensu bai fi na gidan sarauta arha ba.

Mantawar nan kuwa tana da hasara wadda ta wuce rashin kyautawa. A sake karanta sunayen nan a hankali. Pategi gari ne a ƙasar Nufe. Garkawa gari ne a ƙasar Filato. Oyegoke sunan Yarbawa ne, Akpan kuwa suna ne na mutanen wajen Kalaba. A Ikko ma, cikin hafsoshin da aka kashe akwai Laftanar-Kanar Arthur Unegbe, wanda Ibo ne. Watau mutanen da suka zub da jininsu a daren nan daga kabilu dabam dabam suka fito, da Musulmi da Kirista. Amma da ya ke manyan kaɗai a ke ƙidayawa, kuma yawancin hafsoshin da suka shirya abin Ibo ne, labarin da ya bazu a kasuwa shi ne kabila ɗaya ta kashe shugabannin sauran. Da an riƙa faɗin sunayen ƙananan tare da na manyan, da mutane sun ga cewa al'amarin ya fi haka faɗi.

Ba a daɗe ba wuta ta tashi. A watan Mayu 1966, da kuma Satumba da Oktoba, aka kashe mutanen Gabas masu yawa a garuruwan Arewa, har da Kaduna: 'yan tireda, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Masu ƙididdiga sun saɓa, daga 8,000 har zuwa 30,000. Wannan saɓani shi kansa shaida ne, gama mutanen da aka rubuta sunayensu ba a yin gardama a kan yawansu. Ran 29 ga Yuli aka kashe Janar Ironsi da Laftanar-Kanar Fajuyi a Ibadan, su an san ranarsu da wurinsu. Daga nan aka shiga yaƙin basasa, daga 1967 zuwa Janairu 1970.

Abin ya sake maimaituwa a Kaduna. A Fabrairu da Mayu na 2000 aka yi tarzoma a kan batun shari'a, mutum fiye da 1,000 suka hallaka, har jama'a suka rabu, galibin Musulmi suka tattaru arewa da kogi, galibin Kirista kudu. A Nuwamba 2002 kuma, saboda wani rubutu da wata jarida ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja, aka sake rasa mutum fiye da 200. Jaridun duniya suka bi 'yan matan gasar har filin jirgin sama, suka buga hotunansu, suka ba da labarin yadda aka mai da gasar London, da wadda ta ci. Mutanen Kaduna da aka binne kuwa, adadi kawai aka ba su.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da na ƙasashen da ta mallaka ta yi bincike, ta tarar aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, alhali Turawan da suka mutu tare da su kowa da nasa. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a majalisa, bayan shekara ɗari.

Dalilin wannan hali ba mai wuyar ganewa ba ne. Maroƙi yana bin mai kyauta, mai jarida yana bin sunan da zai sa a sayi jaridarsa, mu kuma masu saurare mun fi son labarin wanda muka riga muka sani. A zamanin En'e, kowane mai biyan haraji sunansa yana cikin littafin malamin haraji, ba a mance da shi ko shekara ɗaya. In ya mutu sai a ja layi a kan sunan, shi ke nan. Hukuma ta iya rubuta talaka in tana bin sa bashi.

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Likkafanin sarki da na bara duk farin ƙyalle ne, salla ɗaya a ke yi musu. Bambancin yana wajen masu rai, waɗanda ke riƙe da alƙalami. Da can alƙalamin yana hannun malaman fada kaɗai, yanzu kuwa wanda duk ya koyi karatu da rubutu ya sami nasa. Ya kamata kowane magidanci ya sami ɗan littafi, ya rubuta sunayen mamatan gidansa, da ranar rasuwarsu, da sana'arsu, ya tambayi tsofaffi tun suna nan. In kuma 15 ga Janairu ta zagayo ana yi wa Sardauna addu'a, a tuna da Hafsatu, da Zarumi, da Ahmed Ben Musa, da Ahmed Pategi, da masu gadin da suka rasu a daren nan. Allah ya jiƙan na gaba, ya kyautata namu ƙarshe, amin.