Minecraft da Roblox: Me Ya Bambanta Su Ga Mai Wasa a N'Djamena?

Minecraft da Roblox wasanni ne na waya da kwamfuta waɗanda ba su da labari guda da ake bi daga farko zuwa ƙarshe. Ana sakin mai wasa ne a fili, ya gina abin da ya ga dama, ya zaɓi rawar da zai taka, ya kuma haɗu da wasu ta intanet. Da yake mutanen cikinsu duk masu kusurwa ne kamar an jera tubala, iyaye da dama na ɗaukarsu abu guda. Sai dai sun sha bamban ta fuskar kuɗi da data da kuma tsaron yara.

Asalinsu

Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya ƙirƙiro Minecraft a 2009, aka kammala fitar da shi a 2011. A 2014 Microsoft ya sayi kamfanin Mojang mai wasan kan dala biliyan 2.5. Zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300.

Shi kuwa Roblox, David Baszucki da Erik Cassel ne suka fitar da shi a Amurka a 2006.

Yadda ake wasan

Minecraft duniya ce guda ta tubala. Mai wasa yana sare itace, ya haƙo ma'adinai, ya yi noma da kiwo, ya gina matsuguni kafin dare ya yi dodanni su fito. Akwai kuma tsarin da ba a mutuwa, gini kawai ake yi.

Roblox ya fi kama da kasuwa mai rumfuna barkatai, kowace rumfa da wasanta, kuma masu amfani da dandalin ne ke ƙera su da manhajar Roblox Studio. A Brookhaven, alal misali, yaro na iya zama ɗan sanda ko likita ko mai gida.

Kuɗi da data

Minecraft saye ake yi sau ɗaya, na waya kimanin dala 7. Bayan an sauke shi, ana iya wasa ba tare da intanet ba, kuma yaran da wayoyinsu ke kan Wi-Fi ɗaya na iya wasa tare.

Roblox kyauta ake sauke shi, amma ba ya aiki sai da intanet. Tufafi da wasu kayan cikinsa da Robux ake saye, kuɗin dandalin da ake canja da kuɗin gaske.

Wannan bambanci na da nauyi a N'Djamena. Chadi ba ta da gaɓar teku, layukan intanet ɗinta ta maƙwabta irin su Kamaru da Sudan suke bi, kuma akasarin jama'a da datar Airtel ko Moov Africa suke shiga. Don haka wasan da aka ce kyauta ne kan iya cin sefa fiye da wanda aka saya, domin duk sa'ar da aka yi a kansa data ce ke tafiya.

Tsaron yara

A Minecraft yaro na iya wasa shi kaɗai ko da abokan da ya gayyata, ko da yake akwai zaurukan da kowa ke shiga. A Roblox kuwa haɗuwa da baƙi ita ce ginshiƙin wasan. Turkiyya ta toshe shi a watan Agustan 2024 bisa dalilin kare yara. A watan Nuwamban shekarar kamfanin ya taƙaita aika saƙo ga 'yan ƙasa da shekara 13, ya kuma ba iyaye damar sa ido daga asusunsu.

Wanne ya dace?

Dukansu akwai su da Faransanci. Gidan da data ke yi wa tsada, ko yaron ƙarami ne, Minecraft ya fi masa sauƙi. Matashin da ke son koyon ƙera wasa zai ƙaru da Roblox Studio, amma sai da kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Ko wanne aka zaɓa, ya kamata a rubuta shekarun yaro na gaskiya lokacin buɗe asusu, kuma kada a bar katin banki a haɗe da wayar da ke hannunsa.