Daga Karofin Kura Zuwa Ɗakin Zane Na Samaru

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, ya ga ruwan Tiga yana malala cikin magudanai, yana ratsa gonakin shinkafa da alkama da tumatir tun daga Kura zuwa Kadawa har can wajen Bunkure, da wuya ya tuna cewa kafin a gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da rini aka fi sanin ƙasar nan, har ya zama turkudin da Buzaye ke naɗawa a Agadas da Azbin ba shi da wani suna na girmamawa da ya wuce ɗan Kura. Abin da ya sa na tono wannan labari shi ne wata mas'ala da ke damun samarin yankin waɗanda Allah ya hore wa baiwar zane, wato ko su nufi kwalejin koyon sana'a inda hannu ke gaba, ko su nufi jami'a inda littafi ke gaba. Suna zaton sabuwar mas'ala ce, alhali kuwa ta girmi kakanninsu.

A da, yaron da aka kai karofi ba a fara shi da bayani. Ɗebo ruwa zai yi, ya kawo toka, ya ga yadda ake zuba baba da katsi, ya riƙe muciya yana motsawa har kafaɗa ta gaya masa, sai bayan shekaru ya iya duban kumfar da ta taso ya ce rini ya nuna ko da saura. Daga nan tufa ta wuce wurin mabuga, su shimfiɗa ta bisa gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta saukar da bugu bi da bi, sauti na tashi kamar kiɗa, har baƙin ya koma yana walƙiya kamar an shafa masa mai. Babu takardar shaida a wannan makaranta. Shaidar mutum ita ce sunan wanda ya koya masa, daidai da yadda ɗalibin ilmi, in ya sauke Risala ko Muhtasar, ba a tambayarsa zauren da ya zauna sai dai malamin da ya ba shi ijaza, da wanda ya ba malamin.

Zanen boko kuwa ta Zariya ya shigo mana. A 1955 aka ɗauko sashen zane na kwalejin gwamnati ta fasaha da kimiyya daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, galibin malamansa Turawan Ingila, abin da suke bayarwa kuma difloma ce. Akasarin ɗaliban farko daga Kudu suka zo, domin iyaye a nan, bisa abin da suka ji daga malamai game da hukuncin suranta mai rai, ba su ga maslaha ba a tura ɗa ya koyi sassaƙa ko zanen mutum, ko da yake zayyanar allo da aikin wuyan riga da adon soro, waɗanda duk fanni ɗaya ne da wancan, ba wanda ya taɓa ƙyamarsu. A 1958 waɗansu daga cikin ɗaliban nan, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, manufarsu ita ce su karɓi dabarun Turawa amma su cika su da abin da suka gada a gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Abin takaici, a ganina, shi ne suna wannan fafutika a Samaru ta Zariya, Kura na nan tafiyar 'yan sa'o'i a mota da dukan hikimarta, amma ba ta da ɗa a cikinsu da zai ɗauki shuni ya kai shi ajin.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Sardauna yana uban jami'ar na farko, sai kwalejin ta narke a cikinta, ɗakunan nan da malaman nan suka wayi gari suna ba da digiri, wanda ke nuna cewa katangar da ake gani tsakanin makarantun biyu ba ta kai kaurin da ake ba ta ba. Su kansu 'yan ƙungiyar rabuwa suka yi: Grillo ya shugabanci sashen zane a kwalejin fasaha ta Yaba a Ikko, Okeke ya shugabanci na jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, kowannensu kuma ya yaye gwanaye. Ga kuma Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a ƙauye, ta shiga makarantar tangaran ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, ba ta taɓa zama ajin jami'a ba, amma jami'ar Zariya da kanta ta kira ta a 1977 ta ba ta digirin girmamawa, yau ga hotonta a bayan naira ashirin.

Ba na cewa bambanci babu shi. Jami'a tana ba ɗalibi tarihin fanni da harshen da zai kare aikinsa a gaban masana, ta buɗe masa ƙofar koyarwa da ƙarin karatu, ita kuwa kwalejin fasaha, da shekara biyunta na farko da shekarar aiki a waje da biyun ƙarshe, ta fi tsare shi a kan ɗab'in yadi da tsara talla da tangaran, abin da ke kawo kuɗin cefane da wuri, sai dai an daɗe ana kukan cewa a aikin gwamnati mai babbar difloma yana bayan mai digiri. Uban da ya fito daga gonar shinkafa ya ce, "Kai yaro, wannan zanen me za ka ci a cikinsa?" bai yi tambayar banza ba, kuma "Baba, ai jami'a ce" ba amsa ba ce.

Saboda haka, ɗan Kura ko ɗan Bunkure, kafin ka cika takardar neman shiga, ka hau mota ka je Samaru, ka je kwalejin fasaha ta Kano, ranar da ba biki ba, ka leƙa ɗakin aiki ka ga ko akwai fenti da yumɓu a ciki, ka dubi hannun malamin ko yana aiki da shi, sa'an nan ka tambayi ɗalibansa wanda ya koya masa.