Kamfanin tallan siyasa na farko da kuɗin asibiti a Amurka

A kusan kowane taron ƙungiyarmu sai wani ya ja ni gefe ya tambaye ni: Likita, me ya sa 'yan'uwanmu da ke Ingila suke zuwa asibiti ba sa fitar da ko sisi, mu kuwa a nan Amurka ciwon dare ɗaya yana iya cinye tarin shekara biyar? Nakan ce maganar tana da tsawo. To, ga wani yanki nata, kuma ba daga asibiti ya faro ba. Daga ofishin wasu mutum biyu ya faro a jihar Kalifoniya.

Clem Whitaker tsohon ɗan jarida ne. Leone Baxter kuwa tana riƙe da ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa ne a wani ƙaramin gari mai suna Redding. Sun haɗu a 1933 wajen yaƙin neman ƙuri'a kan wani babban aikin ruwa da lantarki, suka yi nasara, a shekarar kuma suka kafa kamfani mai suna Campaigns, Inc. Masana tarihi na ɗaukarsa a matsayin kamfani na farko da ba shi da wata sana'a sai shirya yaƙin neman zaɓe don a biya shi. Kafin nan aikin na 'yan jam'iyya ne da masu faɗa a ji a unguwanni. Daga baya su biyun sun yi aure, a 1938.

Sunansu ya fito ne a 1934. Marubucin nan Upton Sinclair ya tsaya takarar gwamnan Kalifoniya da alkawarin kawar da talauci, a lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyi cikin rashin aiki. Masu kuɗin jihar suka tsorata, aka ɗauki Whitaker da Baxter. Abin da suka yi shi ne suka kulle kansu a ɗaki da littattafan Sinclair, suna tsinto jimloli. Ko da ɗan wasa ne a cikin ƙagaggen labari ya faɗi magana, sai a cire ta a liƙa wa marubucin a matsayin ra'ayinsa kan aure ko addini. Jaridar Los Angeles Times ta riƙa buga su a shafin farko har zuwa zaɓe. Sinclair ya sha kaye a hannun Frank Merriam. Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na garinmu ya san wannan dabara, sai dai yau da guntun bidiyo ake yin ta.

Tsarin aikinsu mai sauƙi ne, shi ya sa ya daɗe. Ka taƙaita saƙo har ya shiga kan wanda ba ya son dogon tunani, ka yi ta maimaita shi, ka kai hari maimakon kare kai, kuma idan babu abokin gaba ka ƙirƙiro shi. Suna da wani reshe da ke aika wa ƙananan jaridu sharhi da labarai kyauta, editoci su buga kamar nasu, alhali kamfanin ne kuma yake saye musu shafukan talla. Wanda ka ci ladansa, ai sai ka yi kuturunsa.

A 1945 gwamna Earl Warren, wanda su da kansu suka yi wa aiki a zaɓen 1942 kafin su ɓata, ya kawo ƙudirin inshorar lafiya ga ma'aikatan jihar, a riƙa cire ɗan kaso daga albashi, mai ba da aiki ma ya sa nasa. Ƙungiyar likitocin Kalifoniya ta ɗauki kamfanin, ƙudirin ya mutu a majalisa. A ƙarshen wannan shekara shugaba Harry Truman ya nemi majalisar ƙasa ta kafa inshorar lafiya ga kowa. Da ya ci zaɓen 1948, babbar ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, ta ga abin ya zama gaske. Ta sanya wa kowane ɗanta harajin dala 25, ta kira Whitaker da Baxter, suka koma Chicago da zama.

A nan ne nake jin nauyin labarin, domin da kuɗin 'yan sana'ata aka yi aikin, kuma da martabarsu. Kamfanin bai tsaya gardama kan lissafin kuɗi ko yawan marasa lafiya ba. Suna kawai ya raɗa wa shirin: maganin gurguzu. A daidai lokacin da tsoron Tarayyar Sobiyet ya cika zukata, wannan suna ya fi kowace hujja aiki. Har suka yaɗa wata magana da suka jingina wa Lenin, wai mallake harkar lafiya shi ne ginshiƙin ƙasar gurguzu. An bincika rubuce-rubucensa ba a same ta ba, amma ta riga ta zaga ƙasa.

Sai kuma hoton. Akwai wani zane na 1891 da Bature Luke Fildes ya yi, likita zaune ya zuba wa yaro mara lafiya ido a ɗakin talakawa, uba na tsaye a baya cikin damuwa. Suka buga shi da rubutu a ƙasa cewa kada a bar siyasa ta shiga wannan hoto, aka rataye a dubban ɗakunan jira na likitoci. Ka yi tunani, mai karatu: ka kawo ɗanka da zazzaɓi, mutumin da ka amince wa da ransa ya miƙa maka takarda cewa gwamnati na shirin shiga tsakaninku. Wa za ka gaskata? Ni na san irin kallon da uwa take yi mini idan na ɗaga kai daga takardar gwaji. Wannan amana ce aka ɗauka aka sa a kasuwa. An kashe kusan dala miliyan 5 cikin shekara uku, shirin Truman ya bi ruwa, inshorar da ake samu ta wurin aiki ta zama ita ce hanya.

Ba na cewa mutum biyu kaɗai suka yi wannan. Akwai 'yan majalisar kudancin ƙasar da ke tsoron a haɗa baƙi da farare a asibiti ɗaya, akwai kamfanonin inshora, akwai ƙungiyoyin ƙwadago da suka gamsu da abin da suka samo wa 'ya'yansu. Amma a Ingila ma likitoci sun yi turjiya, duk da haka minista Aneurin Bevan ya buɗe hukumar NHS ranar 5 ga Yulin 1948. A Amurka sai 1965 aka sami Medicare, shi ma na tsofaffi kawai. Shugaba Johnson ya je har garin Truman a Missouri ya sa hannu, ya ba tsohon kati na farko.

Sana'ar da suka kafa ta iso gida tuntuni. Gabanin zaɓen 2015 jam'iyyar APC ta yi aiki da AKPD, kamfanin da David Axelrod, mashawarcin Obama, ya kafa a Chicago. A ɗaya ɓangaren, jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito a 2018 cewa wani attajiri mai goyon bayan Jonathan ya ɗauki Cambridge Analytica. Tsohon ma'aikacinsu Christopher Wylie ya gaya wa majalisar Birtaniya yadda aka yaɗa bidiyo cike da jini da gawarwaki don a tsorata masu zaɓe da Buhari da shari'ar Musulunci. Hotonmu ne aka yi amfani da shi a matsayin dodo, wasu daga cikin masu aikin kuwa ba su taɓa taka Kano ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rahoton shi ne cewa wasu masu kutse sun kawo wa ma'aikatan kamfanin bayanan sirri na ɗan takarar, har da abin da ya shafi lafiyarsa. Ko wa ka zaɓa a 2015, takardar asibiti tsakanin mutum ce da likitansa. Buhari dai ya ci zaɓen, Cambridge Analytica kuma ta rufe a watan Mayun 2018.