Wa ya feƙe 'ya'yan ches? Tarihin injin juya katako da dokin da ya gagare shi

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

A cikin 'ya'yan ches 32 da ake jerawa a kan allo, 28 zagayayyu ne. Ka ɗauki sarki ko sarauniya ko ƙaramin soja ka juya shi a tafin hannunka, gangar jikinsa iri ɗaya ce ta kowane ɓangare. Guda huɗu ne kawai suke da fuska da ƙeya, wato dawakai. Wannan ba ra'ayin wani mai zane ba ne kawai. Injin juya katako ne ya yanke hukuncin, kuma na yi makonni ina bin sawun maganar saboda takardar semina da zan gabatar a kan tarihin sana'o'in hannu. Wani abokin karatuna ya ce min wai wannan ai ba tarihi ba ne, aikin kafinta ne. To ga amsata, a bainar jama'a.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba: ana maƙale guntun itace tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a sa shi ya riƙa juyawa, mai aiki ya kafa bakin cizal a jikinsa yana feƙewa. Itacen ne ke motsi, ƙarfen yana tsaye. Saboda haka duk abin da ya fito daga cikinsa dole ya zama zagayayye, kamar ƙafar gado ko ƙafar tebur irin waɗanda muke gani a shagunan kafintoci. Fasahar tsohuwa ce ƙwarai. Akwai hotonta a bangon kabarin wani limamin Masar mai suna Petosiris, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum ɗaya na jan igiya yana juya itacen, ɗayan na riƙe da ƙarfe. Daga baya aka ɗaura igiyar a jikin baka, mutum ɗaya ya iya yin aikin shi kaɗai.

Shi kuwa wasan, daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi a ƙarni na 7 suna kiransa shaɗaranji. A hannun Musulmi ne siffar 'ya'yan ta sauƙaƙa. Giwa ta koma dunƙule mai ƙululu biyu a madadin haure, doki ya koma dunƙule mai ƙululu ɗaya, sarki da wazirinsa suka zama kamar ƙananan kujerun mulki. Masana suna ta muhawara a kan dalili. Wasu sun ce gudun sassaƙa surar mai rai ne, wasu sun ce sauƙin ƙerawa da ƙarko ne. Ni dai ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne na biyun, don abu mai sauƙin ƙerawa shi ke isa hannun talaka. Kwatanta da 'ya'yan ches da aka tono a tsibirin Lewis na Sikotland a 1831, waɗanda aka sassaƙa a ƙarni na 12, yawancinsu da hauren wata dabbar teku: kowane sarki da fuskarsa da takobinsa a kan cinya. Kyau kam ba a magana. Amma mutum nawa ne za su iya mallakar irinsu?

Hujjar da ta fi burge ni tana cikin littafin wasanni da Sarki Alfonso na 10 na Kastil ya sa aka rubuta, aka kammala a birnin Sebil na Andalus a 1283. A farkon littafin, kafin a shiga dabarun wasa, an zana masu sana'a suna aiki: ana haɗa allo, wani kuma yana zaune yana feƙe 'ya'yan wasan da injin baka. Ku duba fa, a littafin sarki, an ba mai feƙe itace gurbinsa. Har gobe idan ka shiga kasuwar Marrakesh a Maroko za ka tarar da masu wannan aikin, hannu ɗaya na jan baka, ɗayan na riƙe da ƙotar cizal, yatsun ƙafa na saita bakinsa, cikin 'yan mintuna ya miƙo maka ɗan ches. Sama da shekara 700 tsakanin hoton da kasuwar, kuma zaman mutumin bai canja ba.

Da Turawa suka samu injin da ake takawa da ƙafa, hannu biyu suka samu 'yanci, sai masu sana'ar suka shiga nuna gwaninta. A ƙarni na 18 da farkon na 19 kowace ƙasa da salonta: Faransa na da Regence, Jamus na da Selenus, Ingila na da St George da Barleycorn. Da yawa dogaye ne sirara, an yi musu zobe a kan zobe, iska kaɗan ko hannun riga ya taɓa su sai su zube. Mafi muni, a wasu salon da ƙyar kake bambance sarauniya da bishop da soja, don duk tsayi ne kawai ya raba su. Baƙo ya zo daga wata ƙasa, a ajiye masa kayan da idonsa bai saba da su ba, ya sha kashi, ya ce kayan ne. Kuma yana da gaskiya.

Nan ne 1849 ta shigo. A ranar 1 ga Maris na shekarar, wani Nathaniel Cooke ya yi rajistar sabon zane a Landan, kamfanin John Jaques, wanda asalinsa na masu feƙe hauren giwa da katako ne, ya fara sayarwa a watan Satumba. Aka yi wa kayan gindi mai faɗi, aka rage ƙyale-ƙyale, aka ba kowane ɗa alama ɗaya a ka da za a gane shi daga nesa: kambi da gicciye ga sarki, kambi mai tsini-tsini ga sarauniya, tsaga a hular bishop, katangar ganuwa ga hasumiya, ƙwallo ga soja. A manyan saiti har dalma aka zuba a gindi, aka manna ƙyalle mai laushi a ƙasa don su zauna daram su kuma yi sulɓi a kan allo. Farare da itacen boxwood mai ruwan ɗorawa, baƙaƙe da itacen eboni. (Af, eboni ɗan uwan kanyarmu ne, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Na yi dariya da na gano hakan, don ni abin da na sani game da kanya bai wuce 'ya'yanta da muke tsinta muna yara ba.)

Duba zanen da idon mai sana'a, za ka ga wayon. Kusan komai injin ne zai yi, sai ɗan abin da za a ƙarasa da zarto da cizal bayan an sauke: tsagar bishop, haƙoran hasumiya, tsinin kambin sarauniya, gicciyen sarki. Wato an yi zanen ne daidai da abin da injin ya iya, shi ya sa ake iya fitar da sojoji 16 masu kama ɗaya ba tare da farashi ya hau sama ba.

Amma sunan wa kayan suka ɗauka? Ba Cooke ba, ba Jaques ba, balle ma'aikatan da ƙurar eboni ta cika musu hanci. Howard Staunton ne, gwanin da ya doke Saint-Amant na Faransa a Paris a 1843 har aka riƙa ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa a duniya. Yana rubuta shafin ches a jaridar Illustrated London News, wadda Cooke ke da hannu a cikinta. Ya tallata kayan a shafinsa, ya sa hannu a kan takardar akwatunan farko. Abin da 'yan ƙwallo ke yi yau da takalma, shi ya yi shi tun 1849. Da aka kafa hukumar ches ta duniya, FIDE, a Paris a 1924, salon ya riga ya mamaye ko'ina, kuma shi ne ƙa'idar gasa har yau, sarki mai tsayin kusan santimita 9.5. Ko saitin da aka ƙera don gasar Dubrovnik ta 1950, wanda aka cire wa sarkinsa gicciye, a kan wannan tsarin ya ginu.

Saura doki. Shi kam ya ƙi injin ƙememe. Gindinsa kawai ake feƙewa, kan kuwa sai an zauna an sassaƙa: kunnuwa, geza, hanci, haƙora. Ana cewa dokin Jaques an kwaikwayo shi ne daga kan dokin dutse na haikalin Parthenon na Girka, wanda ke gidan tarihin Birtaniya tun 1816, gidan da kuma yake riƙe da tagullan Benin da aka kwashe a 1897. Girkawa na neman nasu, mu ma muna neman namu. A cikin saiti mai kyau, dawakan nan huɗu su ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma masu tara tsofaffin kaya da doki suke fara gane shekarun saiti da gidan da ya ƙera shi, don hannun kowane masassaƙi daban ne.

Yau cibiyar sana'ar ta bar Landan. Mafi yawan saitin katako masu daraja daga birnin Amritsar na Indiya suke fitowa, wato wasan ya zagaya duniya ya koma ƙasar da ya fito. A can suna wasa bakin ƙarfe ya ɗauki siffar ɗan ches gaba ɗaya, a danna shi a jikin itace mai juyawa, soja ya fito cikin ɗan lokaci, na gaba ma haka. Doki kuwa yana iya cin awa biyu a hannun gwani, kuma sai mutum ya yi shekaru yana koyo kafin a bar shi ya taɓa na saiti mai tsada. Kayan aikin ma sun canja. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, a 2017 kuma aka tsaurara dokar fitar da itatuwan dangin rosewood, don haka da yawa daga "eboni" da ake sayarwa yanzu farin itace ne aka rina.

Mu nan Kudu, a ɗakin hutun hostel ɗinmu, saitin roba ne, allonsa ma naɗe shi ake yi kamar tabarma. Tun da Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga wasan a dandalin Times Square a Afrilun 2024, masu zama a gaban allon suka ƙaru, har da 'yan uwanmu 'yan Arewa da a da sai ludo da whot. Abin da nake nuna musu shi ne, robar nan narka ta aka yi aka zuba a mazubi, ba ruwanta da juyawa, ana iya ba ta kowace siffa a duniya. Duk da haka zobban da ke wuyan sojan da faɗin gindinsa na injin juya katako ne. Injin ya fita daga aikin, siffarsa ta zauna.

Wannan ne ya sa na ƙi yarda da abokina. Idan na rubuta tarihin ches daga sunayen zakaru kawai, ba zan iya bayyana dalilin da ya sa abin da ke kan allo yake da wannan kamar ba. Kuma ya sa na waiwayi gida. Masassaƙanmu da ke yin turmi da taɓarya da akushi, da gizago suke fitar da zagayayyen abu, da ido da hannu, ba tare da itacen ya juya ba. Darar gidanmu kuma ba ta taɓa buƙatar masassaƙi ba, ramuka a ƙasa da 'yan itatuwa ko tsakuwa sun wadatar. Hanyoyi ne daban, kuma babi na biyu na takardata a kan wannan bambancin zai tsaya.

Don haka ina da roƙo. Duk wanda a garinsu akwai mai injin feƙe ƙafar gado, musamman dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya taimaka ya tambayar min shi abu biyu: a wurin wa ya koya, kuma da wane suna suke kiran injin a tsakaninsu. A ajiye min a ƙasa ko ta inbox. Seminar tawa saura mako uku.